Shin duk rinin azo ne yake jawo ciwon daji?

Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya. Ta ce ta sayi kayan jarirai, ta ga an rubuta a takardar da ke jikinsu cewa babu rinin azo a ciki. Da ta tambaya sai aka ce mata rinin azo yana jawo ciwon daji. Daga baya kuma ta ji cewa launin da ake sa wa lemon kwalba da alawar yara shi ma azo ne. Tana so ta san mene ne azo ɗin, kuma in guba ne, don me za a hana shi a tufafi a bar shi a abinci?

Malama, sannu da ƙoƙari, tambayarki tana kan hanya. Amsar a taƙaice ita ce a'a. Azo sunan dangin rini ne mai ɗauke da iri dubbai, kuma kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na rinin da masana'antu ke aiki da shi a duniya daga wannan dangin ya fito. Abin da dokoki suka hana ƙaramin rukuni ne a cikinsu, kuma an hana su ne saboda sinadarin da aka gina su da shi, wanda yake iya sake fitowa fili idan rinin ya karye a cikin jikin mutum. Idan kika gane yadda wannan karyewar take, sauran bayanin duk zai zauna miki, har da dalilin da ya sa aka ƙyale wasu a abinci.

Bari mu fara da gininsa. A tsakiyar kowane rinin azo akwai ƙwayoyin zarra biyu na naitirojin da suka riƙe juna da ɗauri biyu, ana rubuta su haka: –N=N–. Wannan mahaɗar ita ce azo. A hagunta da damanta akwai zobba na kabon, irin zoben benzin mai kusurwa shida, ko na naftalin wanda zobe biyu ne a manne. Ki ɗauke su kamar taragon jirgin ƙasa biyu da ƙugiya ta sarƙe. Kowane tarago shi kaɗai ba shi da wani launin a zo a gani, amma da zarar ƙugiyar ta kama, ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron sai su samu hanyar zirga-zirga daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Hasken da muke gani fari launuka ne a gauraye, tsawon zangonsu daga nanomita 400 zuwa 700. Ilektiron da suka samu doguwar hanya suna shanye wani yanki na wannan haske, ragowar ce take dawowa idonmu. Rinin da ya shanye shuɗi za mu gan shi rawaya ko ruwan lemo, wanda ya shanye kore mu gan shi ja. Gwargwadon tsawon hanyar, gwargwadon yadda launin yake ƙara zurfi. Shi ya sa mai mahaɗa ɗaya galibi rawaya ne ko ja, baƙi da ruwan ƙasa kuwa sukan buƙaci mahaɗa biyu, uku ko fiye.

Haɗa shi ba wuya, kuma a nan sirrin yaɗuwarsa yake. Ana farawa da wani sinadari daga rukunin amin, wato zoben kabon da ke ɗauke da naitirojin ɗaya da haidirojin biyu. Mafi sauƙinsu shi ne anilin. A narka shi a ruwan asid, a dasa kwalbar cikin ƙanƙara har zafinta ya sauka tsakanin digiri 0 da 5, sannan a riƙa ɗiga ruwan sodiyam naitirit a hankali ana juyawa. Abin da zai samu ana kiransa gishirin diyazoniyam. Ba shi da launi, kuma ba ya jure ɗumi: in kwalbar ta ɗan yi zafi za ki ga kumfa tana tasowa, naitirojin ne yake tserewa, aiki ya lalace. In kuwa aka bari ya bushe yana iya fashewa, don haka ba a ajiye shi, nan take ake aiki da shi. A wani kofin an riga an narka abokin haɗinsa, wato naftol mai zoben naftalin, cikin ruwan soda, shi ma garau kamar ba komai a ciki. Duk sa'ad da na tsaya da ɗalibai a kan wannan gwaji, a nan surutu yake ɗaukewa. Ɗigon farko yana faɗawa sai ja mai sirkin ruwan lemo ya tashi a tsakiyar kofin, ya bazu, ya yi kauri, ya manne a jikin gilashin da sandar juyawa. Wannan da suka haɗa shi ne rinin da ake kira Sudan na ɗaya, kuma za mu dawo kansa in mun zo batun abinci.

To ki duba: in aka canja amin ɗin farko an samu sabon rini, in aka canja abokin haɗinsa an samu wani. Amin ɗari da abokan haɗi ɗari sun ba da rini dubu goma a lissafi. Aikin a cikin ruwa ake yin sa, ba ya buƙatar wuta mai tsanani ko tukunya mai matsi, kayan haɗin kuma daga kwaltar gawayin ƙasa ake samun su a da, yanzu daga ɗanyen mai. Babu wani dangin rini da ya kai shi arha da yawan launi.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa wani Bajamushe ne, Peter Griess, a 1858, shekara biyu bayan William Perkin ya haɗa rinin masana'anta na farko a Ingila (nasa ba azo ba ne). Griess ya ƙare rayuwarsa yana aiki a wani kamfanin giya a garin Burton na Ingila, yana binciken diyazo a lokacin da ya samu sarari. A shekarun 1860 rinin azo na farko suka shiga kasuwa. A 1883 Paul Böttiger ya haɗa Jan Kongo, wanda ya zama abin magana domin shi ne ya fara kama auduga kai tsaye ba tare da an fara jiƙa ta a wani sinadarin kamu ba. Jan Kongo daga wani amin mai suna benzidin aka gina shi. Ki riƙe wannan suna.

Tun daga nan aka riƙa sassaƙa rinin gwargwadon zaren da za a rina. Na ulu da siliki da nailan ana liƙa masa wani reshe mai suna salfonet, wanda yake sa shi narkewa a ruwa ya kuma kama zaren. Na foliyesta ba a sa masa wannan reshe, domin foliyesta ba ta shan ruwa. Ana tura ƙananan ƙwayoyin rinin cikin zaren ne da zafin da ya kai digiri 130, su maƙale a ciki. A 1956 kamfanin ICI na Ingila ya fito da rinin Procion, wanda yake ƙulla ɗauri na sinadari da audugar kanta, ya zama ɓangaren zaren. Wannan iri shi ne ya mamaye rinin auduga a yau, shi ya sa rigar auduga mai kyau ba ta zuba kamar ta da. Akwai kuma waɗanda sam ba sa narkewa, gari ne da ake cuɗawa cikin fenti da tawadar ɗab'i da roba.

Yanzu ga inda maganar take. Mahaɗar azo tana da ƙarfi a gaban iska da sabulu, amma akwai abin da yake tsinka ta cikin sauƙi: duk abin da zai ba ta ilektiron da haidirojin. In ta tsinke, launi ya tafi, kuma kowane ɓangare ya koma amin. Ɗaya daga cikinsu shi ne ainihin amin ɗin da aka fara aikin da shi. Ƙwayoyin bakteriya da ke babban hanjinmu gwanaye ne a wannan aiki, domin a can babu iskar oksijin. Hanta ma tana yi, haka wasu bakteriya da ke zaune a fata, ko da yake nasu bai kai na hanji ba.

Tarihin wani magani ya nuna haka sarai, kuma labarin yana burge ni har yau. A ƙarshen 1932, a kamfanin Bayer na Jamus, Gerhard Domagk yana gwada rini iri-iri a kan ɓerayen da aka sa wa ƙwayar cutar sitireftokokas. Wani jan rinin azo da abokan aikinsa Josef Klarer da Fritz Mietzsch suka haɗa ya ceci ɓerayen. Aka sa masa suna Prontosil, aka bayyana shi a 1935, ya ceci mata masu zazzaɓin bayan haihuwa da masu rubewar rauni a zamanin da babu fenisilin a asibiti. Marasa lafiya har fatarsu takan yi ja saboda rinin. Amma akwai abin da ya ɗaure wa kowa kai: in aka zuba Prontosil a kan bakteriya a cikin kwalbar gwaji, ba ya yi musu komai, sai a cikin jiki mai rai yake aiki. A shekarar 1935 ɗin dai masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faris, wato Jacques da Thérèse Tréfouël da Federico Nitti da Daniel Bovet, suka warware matsalar. Jiki ne yake tsinka mahaɗar azo, sai wani farin sinadari mai suna salfanilamaid ya fito, kuma shi ne maganin. Jan launin ba shi da hannu a warakar. Daga nan magungunan salfa suka samo asali, Domagk kuma aka ba shi kyautar Nobel ta 1939, gwamnatin Nazi ta hana shi karɓa sai a 1947. Har gobe likitoci suna cin moriyar wannan dabara: maganin salfasalazin, wanda Nanna Svartz ta ƙasar Suwidin ta jagoranci samar da shi, mahaɗar azo ce take riƙe da shi har ya isa babban hanji, bakteriya su tsinka shi, maganin kumburin ya sauka daidai inda ake buƙatarsa.

Kin ga ke nan jiki yana mayar da rini zuwa kayan da aka gina shi da su. In amin ɗin magani ne, an samu magani. In amin ɗin mai jawo ciwon daji ne, an saki guba a cikin jiki.

Illar waɗannan amin ma'aikata ne suka fara biyan kuɗinta da rayukansu. A 1895 wani likitan tiyata a Frankfurt, Ludwig Rehn, ya ba da rahoton ciwon dajin mafitsara a tsakanin ma'aikatan wata masana'antar rini. An fara ɗora laifin a kan anilin, aka shafe shekaru kafin a kama masu laifin na gaskiya. A 1938 Wilhelm Hueper ya nuna cewa beta-naftilamin yana jawo wannan ciwo a jikin karnuka, a 1954 kuma binciken Robert Case a kan ma'aikatan sinadarai na Birtaniya ya tabbatar da laifin beta-naftilamin da benzidin a jikin mutane. Yadda abin yake faruwa shi ne: hanta tana ƙoƙarin sarrafa amin ɗin don ta fitar da shi, a garin haka sai ta mayar da shi wani abu mai saurin kama duk abin da ya taɓa. Tana naɗe shi ta tura wa ƙoda, ya sauka a fitsari. A mafitsara, inda fitsari yake zama na sa'o'i, naɗin yana kwancewa, sinadarin ya manne wa ƙwayoyin gado na bangon mafitsarar. Ciwon ba ya fitowa nan kusa, yakan ɗauki shekara 20 ko fiye, lokacin da mutum ya daɗe da barin aikin. A birnin Kiyoto na Japan an ga yawaitar wannan ciwo a tsakanin masu zanen tufafin kimono, waɗanda suka saba lasar bakin buroshi don su daidaita tsininsa, alhali rinin na benzidin ne. Su ba benzidin suka taɓa ba, rinin suka haɗiya, hanjinsu ya fito da benzidin ɗin. Hukumar binciken ciwon daji ta IARC, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa benzidin da beta-naftilamin da 4-aminobaifenil da oto-toluidin a rukuni na ɗaya, wato waɗanda aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan'adam, ta kuma haɗa da duk rinin da jiki ke mayarwa benzidin. Manyan kamfanonin Turai sun daina haɗa rinin benzidin tun farkon shekarun 1970, amma sanin yadda ake haɗa shi bai ɓace ba, kuma yana da arha, baƙinsa yana da kyau. Shi ya sa har yanzu masu bincike suke cin karo da shi a wasu kaya.

Takardar da kika gani a jikin kayan jarirai daga wannan tarihi ta fito. Jamus ce ta fara kafa doka a 1994, Tarayyar Turai ta bi baya da dokar 2002, wadda yanzu take cikin kundin dokokin sinadarai na Tarayyar da ake kira REACH. Dokar ta lissafa amin 22, ta ce duk wani kayan saƙa ko na fata da zai daɗe yana taɓa jiki ko baki, kamar tufafi, zanen gado, tawul, takalmi, safar hannu, madaurin agogo da kayan wasan yara, kada ya saki ko ɗaya daga cikinsu fiye da miligiram 30 a kowane kilogiram. Ƙasar Sin ta tsaya a kan miligiram 20. Indiya ma ta hana irin waɗannan rini tun shekarun 1990.

Gwajin da ake yi kwaikwayon abin da hanji yake yi ne. A yanka ƙyallen ƙanana, kimanin giram ɗaya, a jiƙa shi a ruwan sitiret mai ɗan tsami a zafin digiri 70, sannan a zuba sodiyam daitayonait, wanda masu rini suka fi sani da haidiro. Kina kallo jan ƙyalle zai koɗe ya koma fari-fari, domin an tsinke duk mahaɗar da ke ciki. Sai a tace ruwan, a sa a na'urar da take rarrabe sinadarai, a ga waɗanne amin ne suka fito. Ƙyalle na iya cika da rinin azo ya ci jarrabawar lafiya lau, muddin babu ko ɗaya daga cikin 22 ɗin nan. Saboda haka kalmar "babu azo" da 'yan kasuwa suke rubutawa, a mafi yawan lokuta ma'anarta babu azo da aka haramta. Ina ganin wannan gajarta maganar ta jawo ruɗani mai yawa, domin ta sa mutane tsoron dangin gaba ɗaya. Hatimin wata hukumar gwaji mai zaman kanta, irin na Oeko-Tex, ya fi wannan rubutu nauyi a wurina, domin shi akwai ɗakin gwaji a bayansa.

Yaya girman haɗarin yake ga mai sa tufafin? Gaskiya ƙarami ne in aka gwada da na ma'aikaci. Sai rinin ya fita daga zaren, ya narke a gumi, bakteriyar fata ta tsinka shi, amin ɗin ya ratsa fata, kuma a kowane mataki abin yana raguwa. Hayaƙin taba sigari ma yana ɗauke da wasu daga cikin waɗannan amin kai tsaye, kuma shan taba shi ne babban sanadin ciwon dajin mafitsara, kusan rabin masu ciwon ta nan suka same shi. Duk da haka ina goyon bayan dokar ɗari bisa ɗari, domin akwai madadin waɗannan rini, ba mu rasa komai in an bar su. Ga jariri kuma lissafin ya ɗan bambanta: fatarsa ba ta yi ƙwari ba, yana tsotsar hannun riga da gefen bargo, abin da ya tsotsa kuwa hanji zai je. Ki wanke sabon kaya kafin ki sa masa, wanda zai taɓa fatarsa ki fi son fari ko mai haske, kuma duk ƙyallen da yake ta zuba bayan wanki biyu ko uku ki raba shi da shi. Ki sani dai ido ba ya gane rinin benzidin, kuma zuba ba ita ce shaidar guba ba, alama ce kawai cewa rinin yana barin zaren.

Abin da ya fi yawan kai mutane wurin likitan fata daban ne: ƙaiƙayi da ƙuraje daga rinin foliyesta, musamman wasu masu launin shuɗi da ruwan lemo. Da yake ba su ƙulla ɗauri da zaren ba, gumi da gogayya suna fito da su, sai ki ga ƙurajen a hammata da ƙugu da cinya, inda tufa take matsewa. Wanda jikinsa ba ya shiri da sinadarin PPD na baƙin rinin gashi sau da yawa ba ya shiri da waɗannan ma, domin gininsu ya yi kama.

Mu zo kan abinci. Waɗanda aka yarda da su 'yan kaɗan ne, za ki gan su a jikin kwali da lamba ko suna: tatrazin E102, Sunset Yellow E110, kamoisin E122, Ponceau 4R E124, Allura Red E129. Abin da ya raba su da na benzidin shi ne an liƙa musu reshen salfonet a ɓangarorin biyu. Hanji yana tsinka su kamar sauran, amma gutsattsarin da suke fitowa suna narkewa sosai a ruwa, ba sa ratsa bangon ƙwayoyin jiki da sauƙi, yawanci suna fita ta bayan gida da fitsari. Ba haka aka fara ba. A da an taɓa rina man shanu na kanti da wani rawayan azo mai narkewa a mai, sai a shekarun 1930 Riojun Kinosita na Japan ya nuna yana jawo ciwon dajin hanta a jikin ɓeraye. Irin wannan darasi ne ya sa aka tace jerin.

Kowannensu yana da iyakar da aka ƙayyade wa mutum a rana gwargwadon nauyinsa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sa wa tatrazin miligiram 7.5 a kowane kilogiram na nauyin jiki, Allura Red 7, kamoisin 4, Ponceau 4R kuwa ta rage shi zuwa 0.7 a 2009. Yaro mai kilo 20 ke nan iyakarsa miligiram 150 na tatrazin a rana, amma miligiram 14 kacal na Ponceau 4R. Ƙasashe ma ba bakinsu ɗaya ba: Amurka ta hana amarant, E123, a 1976, Turai ta bar shi a 'yan abubuwa kaɗan, Ponceau 4R da kamoisin ana amfani da su a Turai, Amurka ba ta yarda da su a abinci ba.

Muhawarar da ta fi zafi a kansu ta halayyar yara ce. A 2007 masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila suka ba wa yara 153 'yan shekara 3 da yara 144 'yan shekara 8 zuwa 9 abin sha mai gaurayen launuka da sodiyam benzowet, wasu lokuta kuma abin sha marar komai, ba tare da yaran ko masu lura da su sun san wanne ne wanne ba. An ga ƙaruwar rashin natsuwa, ƙarama a jimlace, kuma ba a kowane yaro ba. Da yake gauraye aka ba su, ba a iya nuna wane sinadari ne ya jawo ba. Hukumar Turai ta ce hujjar ba ta kai a canja iyakokin saboda ita ba, amma majalisar Tarayyar ta wajabta, daga 2010, a rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da launuka shida, biyar na azo da na lissafa da kuma E104 wanda ba azo ba ne. Kamfanoni da dama suka gwammace su canja launi da su rubuta gargaɗin. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta yi doka a 2024 ta fitar da wasu launuka daga abincin makarantun gwamnati. Ra'ayina shi ne wasu yara suna jin tasirinsu, yawanci ba sa ji, kuma launin ba ya ƙara wa abinci komai sai jan ido. In kin lura ɗanki yana birkicewa bayan irin waɗannan kayan, ki janye su na 'yan makonni ki gani, babu abin da zai rasa. Akwai kuma mutane ƙalilan da tatrazin yake tayar wa borin jini ko ya tsananta musu asma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a abinci shi ne algus da rinin masana'anta. Sudan na ɗaya da ɗalibai suka haɗa a kofi, da 'yan'uwansa har na huɗu, ba su da reshen salfonet ko ɗaya. A mai suke narkewa, jiki yana shanye su, kuma an yi su ne don rina man inji da kakin goge takalmi da roba. A 2003 Faransa ta gano Sudan na ɗaya a garin barkonon da aka shigo da shi daga Indiya. A Fabrairun 2005 Birtaniya ta janye kayan abinci sama da iri 500 daga kantuna saboda wani miyan kwalba da aka haɗa da irin wannan barkono ya shiga cikinsu. Daga nan Turai ta tsananta bincike a kan barkono da kurkum da manja. Mai wannan algus yana zaɓar rinin ne don yana ɓoye tsufan kaya da gaurayen da aka yi musu, kuma babu wata iyaka da aka yarda da ita a kansa, haramun ne ko ƙanƙani.

Sauran amfaninsu ba sa lissafuwa. Metil oranj, rinin da ake gwada tsamin ruwa da shi, yana juyawa daga ja zuwa rawaya tsakanin ma'aunin tsami 3.1 da 4.4, duk ɗalibin kimiyya ya san shi. Jan Kongo da aka kora daga masaƙa yana nan a ɗakin gwajin asibiti ana gano cutar amiloid da shi. Tsinken gwajin fitsari da yake yin ruwan hoda in akwai bakteriya, rinin azo ne yake haɗuwa a kansa nan take ta hanyar da Griess ya gano. Tawadar zanen jiki ma akwai azo a cikinta, kuma hasken rana ko na leza yana iya farfasa ta a ƙarƙashin fata, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Turai ta tsaurara dokar tawadar a 2022.

Nauyin wannan sana'a a kan mutum biyu yake sauka: wanda yake zaune a bakin kogin da masaƙa take zubar da ruwanta, da wanda yake auna garin rinin da hannunsa. Rinin auduga na zamani ba duka yake kama zaren ba, daga kashi 10 har zuwa 50 cikin 100 yana iya bin ruwan wanki, tare da gishiri mai yawa da soda. An gina shi don ya jure rana da sabulu, don haka matatar ruwa ta yau da kullum ba ta iya masa. In ya kwanta a laka inda babu iska, bakteriya suna tsinka shi, ruwan ya washe, mai kallo ya ɗauka an tsira, alhali amin ne suke yawo a ciki ba launi. Tacewa ta gaskiya mataki biyu take buƙata, na farko babu iska don a tsinka mahaɗar, na biyu da iska don a cinye amin ɗin, kuma mataki na biyun ne masu son rage kashe kuɗi suke tsallakewa.

Shi kuwa mai aikin rini, ko a masana'anta ko a ƙaramin wurin sana'a, garin ne babban abokin gabarsa. Shaƙar ƙurar rinin auduga tana jawo asmar da kan zauna wa mutum har bayan ya bar aikin. Ya sa takunkumi mai tace ƙura lokacin awo, ya fara dama garin da ɗan ruwa kafin ya zuba a tukunya, ya sa safar roba mai tsawo, kada ya ci abinci ko ya sha taba a wurin, kada kuma tukunyar rini ta koma ta girki. Garin da ba shi da suna ko lambar shaida a jikin buhunsa, musamman baƙi da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu na rina auduga da fata kai tsaye, shi ne wanda na fi zargi. Duk wanda ya yi shekaru a wannan aiki, ko da ya bari tuntuni, in ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, ya je asibiti a wannan makon, ya gaya wa likita irin aikin da ya yi da tsawon shekarun da ya yi a ciki, ya nemi a duba mafitsarar.